"Ɗan Japan ne?" Inda ake ƙera injinan Toyota da waɗanda take haɗa hannu da su

A daminar bara na raka ƙanina Ƙofar Ruwa neman inji. Motarsa Pontiac Vibe ce ta 2005. Lagireto ya tsiyaye a hanyar Zariya ba a ankara ba, inji ya ɗau zafi har ya buga. Muka tafi da bakanikensa, wani dattijo da ya haura shekara talatin a sana'ar. A shagon da muka tsaya, injina uku ne jere a kan tsofaffin tayoyi, an toshe bakin kowanne da tsumma. Mai shagon ya dafa na tsakiya ya ce, "Alhaji, wannan ɗan Japan ne, shi ya sa kuɗinsa ya ɗara na sauran." Dattijon bai tanka ba. Ya tsuguna, ya jiƙa ƙyalle da fetur, ya goge wani ɗan fili a jikin bulok har rubutu ya fito: 1ZZ. Ya goge na biyu da na uku, duk haka aka buga musu. Sai ya zare fulogi, ya haska tocila cikin ramin, ya sa sifana ya juya kiranshaf a hankali yana kasa kunne. Da ya gama da ukun ya miƙe ya ce wa ƙanina, "Yaro, waɗannan uwa ɗaya uba ɗaya ne. Wanda bai sha wuya ba shi za mu ɗauka." Na gefen hagu ya zaɓa, wanda ba a yi masa kirarin Japan ba.

Tun ranar nake juya wannan magana, domin ita kanta motar ta isa ta rikita mai tambaya. Pontiac tambarin mota ne na kamfanin General Motors na Amurka. A garin Fremont na jihar Kalifoniya aka haɗa ta. Injin da ke cikinta zanen Toyota ne, irin na Corolla, kuma Toyota tana da masana'anta a Buffalo ta jihar Wes Bajiniya da ta daɗe tana fitar da wannan inji don motocin Arewacin Amurka. Har akwai lokacin da aka riƙa loda ita wannan mota a jirgin ruwa zuwa Japan, sitiyari a dama, ana sayar da ita da sunan Toyota Voltz. To ina ne garinsu? Abin da na fahimta shi ne, wurin da ake ƙera inji ba ƙauna ko kishin ƙasa ke zaɓensa ba. Harajin fito, darajar kuɗi da dokar ƙasar da za a sayar da motar su ke jan sa. Abin da kamfanin ke riƙewa gam a hannunsa shi ne zane da tsarin aiki, kuma ko waɗannan ma akwai inda yake sakinsu idan lissafi ya nuna masa haka.

Sai an gane bambancin wurin haɗa mota da wurin ƙera inji kafin sauran bayanin ya zauna. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukunya ya ga tushen aikin: a narka alminiyam, a zuba a cikin ƙirar yashi, a bari ya huce, a fasa. Bulok da kan silinda ma zubi ne. Inda aka rabu shi ne abin da ke biyo baya. Ramin da fistin zai yi ta kai da kawo a ciki sau dubbai a minti ɗaya dole a fafe shi da awon da gashin kai ya fi shi kauri nesa ba kusa ba, kuma inji na dubu ɗari ya fito daidai da na farko. Na'urorin da ke wannan fafa da gogewa tsadarsu ta fi ƙarfin ƙaramar kasuwa. Ba sa mayar da kuɗinsu sai suna fitar da injina dubu ɗaruruwa a shekara. Ga shi kuma inji abu ne dunƙulalle mai daraja, ana jera da yawa a kwantena ɗaya, saɓanin gangar mota da rabinta iska ce. Shi ya sa masana'antar inji guda take ciyar da wuraren haɗa mota da dama a ƙasashe daban-daban, kuma shi ya sa ƙasa kan samu wurin haɗa mota shekaru masu yawa kafin a amince a kafa mata wurin ƙera inji, in ma an kafa.

Cibiyar Toyota tana lardin Aichi na Japan, a garin da ake kira Koromo kafin a sauya masa suna zuwa Toyota a 1959. Injin farko da Kiichiro Toyoda, wanda ya kafa kamfanin, da mutanensa suka kammala a 1934 daga injin Chevrolet mai silinda shida suka kwaikwaye shi, bayan sun warware shi gunduwa-gunduwa sun auna. Ina son a riƙe wannan, domin kamfanin da ake kwaikwayo a yau da kwaikwayo ya fara. A 1965 aka buɗe masana'antar Kamigo don inji kaɗai, a ƙarƙashin Taiichi Ohno, mutumin da ake jingina wa tsarin aikin Toyota. Ta Shimoyama ta biyo baya a 1975. Tahara, inda ake haɗa Prado da manyan Lexus, ita ma tana fitar da injina. Masu shan man gas kuwa, da yawansu ba daga Toyota Motor kai tsaye suke fitowa ba. A garin Hekinan na Aichi kamfanin Toyota Industries ke ƙera su, wato asalin kamfanin injin saƙa da sashen mota ya ɓalle daga jikinsa a 1937. Har gobe kamfanin Toyota Motor yana kare alƙawarin ƙera mota miliyan 3 a shekara a cikin gida, amma wannan kusan kashi ɗaya ne cikin uku na abin da yake fitarwa a duniya. Kashi biyun a waje ake yi.

Fitarsa ta farko ƙasar Barazil ce, a 1958, kuma darasin da ke cikinta ya isa a tsaya a kai. Gwamnatin Barazil ta lokacin ta matsa cewa yawancin kayan mota a cikin ƙasar za a samo su. Toyota ba ta da kasuwar da za ta ɗauki nauyin masana'antar inji a can, sai ta sayi injin gas na Mercedes-Benz da ake ƙerawa a Barazil ta dasa a Land Cruiser ɗinta, wadda aka sa wa suna Bandeirante. Daga 1962 har 1994 motar Toyota na yawo a gonakin Barazil da zuciyar Mercedes, kuma sunan da ta yi na juriya da wannan inji ta yi shi.

Babbar guguwar daga Amurka ta taso. Bayan tashin farashin mai na shekarun 1970, Amurkawa suka raja'a kan ƙananan motocin Japan, masana'antun Detroit suka fara sallamar ma'aikata, 'yan siyasa suka tayar da jijiyar wuya. A 1981 Japan ta amince, bisa matsin lamba, ta taƙaita motocin da take kaiwa Amurka zuwa miliyan 1.68 a shekara. Honda ta riga kowa, ta fara haɗa Accord a jihar Ohayo a 1982. Toyota ta yi taka-tsantsan, domin ba ta da tabbacin tsarinta zai yi aiki a hannun ma'aikatan Amurka. Sai ta shiga haɗin gwiwa da General Motors, suka sake buɗe tsohuwar masana'antar Fremont da GM ta rufe a 1982, wadda ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da fitar da motoci masu aibi. Aka kira sabon kamfanin NUMMI, motar farko ta fito a ƙarshen 1984. Yawancin ma'aikatan tsofaffin nan ne aka dawo da su. An tura ɗaruruwansu masana'antar Takaoka a Japan suka koyi aiki, aka ba kowa ikon jan igiya ya tsayar da layi idan ya ga kuskure. Cikin ɗan lokaci motocin Fremont suka shiga sahun mafi inganci a duk masana'antun GM. Mutanen ba su sauya ba, ginin bai sauya ba, ƙasar ba ta sauya ba. Motar ƙanina daga wannan gida ta fito. An rufe shi a 2010 bayan GM ta durƙushe ta janye, kuma yanzu Tesla ce a ciki.

A farkon NUMMI daga Japan ake kawo injinan. Abin da ya tilasta aka kai ƙirar injin kanta Amurka shi ne kuɗi. A Satumbar 1985 Amurka, Japan, Jamus ta Yamma, Faransa da Birtaniya suka zauna a otal ɗin Plaza da ke New York suka amince a karya darajar dala. Kafin zaman, dala ɗaya tana sayen yen kusan 240. Zuwa ƙarshen 1987 ta sauko kusa da 120. Ma'ana, injin da aka ƙera a Kamigo da albashin yen ya ninka tsada ga mai saye da dala ba tare da an ƙara masa ko noti ɗaya ba. Duk ɗan kasuwar da ya ga yadda faɗuwar naira ta yi da farashin kayan gyara ya san wannan ciwo, sai dai su ta ɗaya gefen ya zo musu. Masana'antar Georgetown ta jihar Kentaki ta fara fitar da Camry a 1988, sashen inji ya biyo baya ba da jimawa ba. Ta Wes Bajiniya ta fara aiki a 1998, ta Huntsville a jihar Alabama a 2003, da farko don babban inji mai silinda takwas na Tundra. Zubin bulok da kan silinda ma an kafa masa wurare a jihohin Mizuri da Tenesi. Yawancin Camry, Corolla, Sienna da Highlander 'yan gwanjo da ke shigowa ta Kwatano da Legas daga Amurka, injinan waɗannan masana'antu ne a cikinsu, ko da mai su yana rantsuwa da Japan.

Bayan kuɗi sai doka. Yarjejeniyar ciniki tsakanin Amurka, Kanada da Meziko da ta fara aiki a Yulin 2020 ta ce sai kashi 75 cikin 100 na darajar mota ya fito daga yankin kafin a yafe mata haraji, kuma ta ambaci inji a cikin jigogin kayan da dole su cika sharaɗin. Inji yana da kaso mai tsoka a darajar mota, don haka wurin da aka ƙera shi kan iya yanke hukuncin ko za a biya fito ko ba za a biya ba. Irin wannan lissafi ne ya kafa masana'antar inji a Deeside ta yankin Wels a 1992, shekarar da aka fara haɗa mota a Burnaston ta Ingila, sannan wasu biyu a ƙasar Folan da ke ciyar da wuraren haɗa mota na Faransa, Cek da Turkiyya. Harajin da gwamnatin Trump ta ɗora wa motocin waje a 2025, kashi 25 da farko kafin a sasanta da Japan a kan 15, sabon babi ne na tsohon labari.

Wanda ya fi shafar hanyoyinmu shi ne Hilux. Mutane da yawa ba su san cewa gidan Hilux ya daɗe da komawa Tailan ba. Gwamnatin ƙasar ta sassauta haraji ƙwarai a kan a-kori-kura mai ɗaukar tan ɗaya, kasuwar ta bunƙasa, sannan a ƙarshen shekarun 1980 ta wajabta cewa injinan waɗannan motoci a cikin ƙasar za a riƙa yinsu, kashi bayan kashi. Toyota ta kafa Siam Toyota Manufacturing a lardin Chonburi tare da abokan hulɗa 'yan ƙasar. Da kuɗin Tailan ya faɗi warwas a rikicin 1997, kasuwar cikin gida ta mutu, masana'antun da aka riga aka gina suka juya akalarsu zuwa fitarwa waje. A 2004 Toyota ta ƙaddamar da shirin da ta kira IMV: shasi ɗaya ya haifi Hilux, Fortuner da Innova, aka raba aikin tsakanin ƙasashe. Injin gas daga Tailan, na fetur daga Indunusiya, giya ta hannu daga Filifin da Indiya, haɗawa kuma a Tailan, Indunusiya, Ajantina da Durban ta Afirka ta Kudu. Wannan ne karon farko da kamfanin ya tsara jerin motoci sukutum ba tare da ya dogara da wata masana'antar haɗawa a Japan ba. Da aka dawo da sayar da Hilux a Japan a 2017, daga Tailan aka riƙa kai musu ita. Land Cruiser da Hiace dai har yanzu Japan ce babbar mahaifarsu, kuma tsohon injin nan 1HZ da ya mamaye hamadar Nijar, Chadi da Sudan ɗan can ne.

Wannan rabon aiki yana da nasa rauni, domin kwai da yawa ne a kwando ɗaya. Ambaliyar Tailan ta 2011 ta katse kayan aiki har masana'antun Japan da Amurka suka rage gudu, watanni kaɗan bayan girgizar ƙasa da igiyar ruwan da suka afka wa Japan a Maris. Ambaliyar Durban ta Afrilun 2022 ta rufe masana'antar Prospecton kusan wata huɗu. A Satumbar 2025 guguwa ta yaye masana'antar inji ta Porto Feliz a Barazil, haɗa motocin Toyota a ƙasar ya tsaya cak, alhali wuraren haɗawar ba abin da ya taɓa su.

Yanzu ga tambayar da ta fi ci wa mai saye rai: wanda aka yi a Japan ya fi inganci? Na fahimci inda zancen ya samo asali, kuma ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Sabon inji a Japan ake fara gwada ƙirarsa, masana'antun can su ne uwaye da ke horar da na waje, kuma motocin cikin Japan galibi ba sa cin dogon zango kafin a ajiye su, don haka injin gwanjo da ya fito daga can yakan zo da sauran ƙarfinsa. Amma wannan na ƙarshe labarin rayuwar injin ne bayan ya bar masana'anta. Idan aka duba matsalolin da suka fito fili, ba sa bin iyakar ƙasa. Injin 2AZ na Camry ta 2007 zuwa 2009 ya yi suna wajen shan baƙin mai, kuma gyaran da kamfanin ya amince ya yi shi ne sauya fistin da zobbansa, abin da ke nuna matsalar daga zane take. A 2024 aka yi kiranyen motoci kusan 102,000, Tundra da Lexus LX, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin inji bayan fafa yana iya cinye biyarin, har Toyota ta ce za ta sauya injinan ɗungurungum. Tundra a Amurka ake yin ta, LX kuwa a Japan. A Janairun 2024 kuma aka gano cewa Toyota Industries ta yi amfani da manhajar da ta bambanta da ta motocin kasuwa wajen gwajin ƙarfin injinan gas uku, 1GD, 2GD da F33A, don sakamakon ya fito sumul. Aka dakatar da fitar da motoci iri goma na ɗan lokaci, har da Hilux, Hiace da Land Cruiser 300. Wannan a tsakiyar Aichi ya faru, kuma ya fi ba ni takaici a kan sauran, domin kuskuren na'ura daban ne da rufa-rufar mutum.

Mai son sanin inda aka haɗa motarsa ya duba farkon lambar shasi: J Japan ce, 1, 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, MR0 Tailan, AHT Afirka ta Kudu, SB1 Ingila, NMT Turkiyya. Sai dai lambar wurin haɗa mota take faɗa. Injin yana iya fitowa daga wata nahiya dabam.

Haɗin gwiwar da kamfanin ke yi da wasu shi ya ƙara dagula zancen tambari. Toyota Supra da aka dawo da ita a 2019 injin BMW ne a cikinta, kuma kamfanin Magna Steyr ne ya haɗa ta a Graz ta Ostiriya a layi ɗaya da BMW Z4. Kafin nan, daga 2014, Verso da Avensis da RAV4 na Turai masu shan gas da injinan BMW aka sayar da su, domin Toyota ta ga zuba kuɗi a ƙaramin injin gas don cika dokokin hayaƙin Turai asara ce gare ta, gara ta saya ta mayar da hankali kan motoci masu haɗa fetur da lantarki. Toyota 86 a masana'antar Subaru da ke Gunma ake yin ta, da injin Subaru mai silinda a kwance. Yamaha, wadda muka sani da babur da janareto, tana da hannu a injinan tsere na Toyota tun 2000GT ta 1967 har zuwa Lexus LFA. Ruwan yana gudu ta ɗaya ɓangaren ma: kamfanin Lotus na Ingila ya shafe shekaru yana dasa injinan Toyota a motocinsa, kuma Mazda CX-50 da ake haɗawa a masana'antar haɗin gwiwar Mazda da Toyota a Huntsville tana da samfuri mai amfani da fasahar fetur da lantarki ta Toyota. Idan aka lura, abin da Toyota ke sayowa shi ne injin da ba zai yi yawan da zai biya kuɗin ƙirarsa ba. Na Corolla, Camry da Hilux, inda miliyoyin suke, ba ta sayo su daga wajen wani.

Banda guda ɗaya, kuma mu ya shafa. A 2019 Toyota da Suzuki suka sayi hannun jarin juna, Toyota ta ɗauki kusan kashi 5 cikin 100 na Suzuki. Suzuki ce sarauniyar ƙananan motoci a Indiya ta hanyar reshenta Maruti, tana ƙera su da arhar da Toyota ba ta iya kamowa. Starlet ɗin da aka fara sayarwa a Afirka a 2020 Suzuki Baleno ce daga Indiya, da injin Suzuki, aka sauya mata tambari. Haka Rumion, wadda Ertiga ce, da sabuwar Vitz, wadda Celerio ce. A madadin haka Suzuki ta samu fasahar fetur da lantarki, har ta sayar da RAV4 da Corolla a Turai da sunayen Across da Swace. Suzuki ta taɓa gwada irin wannan aure da Volkswagen a 2009, ya mutu a gaban masu sasanci a 2015, kuma cikin abubuwan da suka haddasa rikicin har da sayen injin gas da Suzuki ta yi daga Fiat. Injin Suzuki ba abin raini ba ne. Abin da nake so mai saye ya sani kawai shi ne, idan Starlet ɗinsa ta buƙaci kayan inji, shagon Suzuki ya kamata bakanikensa ya fara leƙawa.

A ƙasar Sin, a da haɗin gwiwar dole ce. Tun 1994 doka ta hana baƙon kamfani mallakar fiye da rabin masana'antar mota, sai a 2022 aka ɗage wannan ga motocin hawa. Toyota ta haɗa kai da kamfanonin ƙasar, FAW a Tianjin da GAC a Guangzhou, kowanne da masana'antar injinsa. Manufar gwamnatin Sin a fili take: a ba ku kasuwa, ku bar mana sani. An daɗe ana cewa dabarar ba ta haifar da ɗa mai ido ba, saboda kamfanonin Sin ba su kamo na Japan a injin fetur ba. Sai suka tsallake injin gaba ɗaya. A 2020 Toyota ta kafa kamfanin haɗin gwiwa da BYD, kamfanin Sin mai ƙera batir da motocin lantarki, kuma motar lantarki bZ3 da ta fito daga baya batirinta da motarta ta lantarki na BYD ne. Malami ya koma ɗaukar karatu a wajen da ya je koyarwa. Duk da haka a Mayun 2024 shugabannin Toyota, Subaru da Mazda suka tsaya a dandali ɗaya suka ce ba su gama da injin ƙona mai ba, Toyota ta nuna sababbi masu lita 1.5 da 2.0 da aka rage wa girma don su yi aiki tare da batir.

A nan ne raina ke sosuwa. Afirka na cikin wuraren da sunan Toyota ya fi ƙarfi a duniya, har yaƙin Chadi da Libiya na 1987 da sunanta ake kiransa. Toyota Tsusho, kamfanin ciniki na rukunin Toyota, ya sayi CFAO, tsohon kamfanin cinikin Faransa da kakanninmu suka sani, ya kuma karɓi ragamar sayar da motocin Toyota a yawancin nahiyar. A 2021 aka buɗe wurin haɗa Hilux a Tema ta Gana. Amma motar tana zuwa ne kusan a kammale, a ɗaura mata abin da ya rage, injinta a rufe yake isowa. Mun taɓa bin wannan hanya. Peugeot ta fara haɗa 504 a Kaduna a 1975, kuma an shafe shekaru ana jigilar kayanta ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, a ƙarasa da su ta mota. An kafa Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. Babu wadda ta kai ga zubin bulok da fafe shi da yawan da zai tsayar da ita da ƙafarta. Da kuɗin mai ya ja baya a shekarun 1980, naira ta faɗi, kayan da ake shigowa da su suka gagara saye, masana'antun suka bushe ɗaya bayan ɗaya, gwanjo ya maye gurbinsu.

Tailan ba ta fi mu komai ba a lokacin da aka buɗe masana'antar Kaduna. Ita ma akwatunan kaya take buɗewa tana ɗaurawa. Ta zaɓi mota iri ɗaya wadda manomanta da 'yan kasuwarta ke buƙata, ta rage mata haraji har kasuwar ta kai girman da masana'antar inji za ta iya rayuwa a kai, ta gindaya sharaɗin ƙira a gida mataki-mataki, gwamnatoci suka yi ta sauyawa har da juyin mulki amma manufar ba ta sauya ba, kuma ta tanadi wutar da tukunyar narka ƙarfe ba za ta huce a tsakiyar zubi ba. Mu kuwa mun raba ƙaramar kasuwarmu wa kamfanoni shida daga ƙasashe biyar, kowanne da nasa injin da ba ya shiga na wani.

Injin da dattijon ya zaɓa wa ƙanina yana nan yana aiki, ya je Sakkwato ya dawo sau uku. Ba mu san ko a Wes Bajiniya aka ƙera shi ko a Aichi ba, mai shagon ma cewa ya yi kwantenar daga Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta taso, inda ake tara injinan da aka ciro daga motocin ƙasashe daban-daban. Ranar da aka ɗaura shi, yaran garejin uku ne suka ɗaga shi da sarƙa a jikin reshen darbejiya, ƙaraminsu bai wuce shekara goma sha biyar ba, kuma shi ne ya jera wayoyin kwakwalwar motar ba tare da ya duba takarda ba.